Kafin Ku Dasa Shinkafa a Ramin Wankin Zinariya

Ƴaƴana, samarin Madarumfa da na Ɗan Isa, na Gabi da Safo da Jiratawa. Ku ara mini hankalinku. Akwai maganar da nake so mu yi a kan ƙasar da ake zubarwa bayan an wanke zinariya, da shinkafar da wasunku ke sha'awar dasawa a kanta.

Tun farko ku sani ban zo in hana ku nema ba. Na san gonar gado ta yi wa gida kaɗan. Abin da kakanku ya noma shi kaɗai, yau jikoki rututu ke jiran a yanka musu. Na san abin da ya kai yayyenku ramukan zinariya na Jado da Cibarakatan tun 2014, na kuma ga tururuwar da aka yi zuwa yankin Ɗan Isa a 2021, lokacin da labarin zinariya ya ɓulla a ƙofar gidanmu. Wanda ya fita neman halalinsa da guminsa ba abin zargi ba ne. Ranar Lahadi 7 ga Nuwamba na waccan shekarar rami ya rufta a Garin Liman, mutum 18 suka rasu. Allah ya jiƙansu, ya ba iyayensu haƙuri. Wannan haɗari kowa ya gan shi, kowa ya yi kuka, hukuma ma ta ba da umarnin rufe wurin. Wanda ke hana ni barci a yanzu ba ya rufta wa kowa, ba ya kuma ƙara. A hankali yake zuwa, ta cikin tukunya.

Kun fi ni sanin aikin. A fito da dutse daga rami, a farfasa shi da guduma, a kai inji ya niƙe shi ya zama gari, a wanke, a zuba zaiba ta kama zinariyar, a ƙona zaibar ta tashi. Abin da ke shiga aljihu ɗan mitsitsi ne. Sauran buhun gaba ɗaya yana nan a bakin ramin wanki, tuli bayan tuli. Ku je ku duba irin wannan ƙasa bayan ruwan sama: laushi gare ta, ba tsakuwa ko ɗaya, in ka damƙa sai ta manne a tafin hannu, ruwa kuma yakan kwana a kanta kwana da kwanaki bai tsotse ba. In ta bushe sai ta dare gida-gida, iska ta riƙa ɗibar samanta. Duk ɗan manomin da ya tashi a jigawa, ya ga ƙasa mai riƙe ruwa haka, abin da zai faɗo masa a rai shi ne shinkafa, balle yanzu da kowa ya san kuɗin da buhunta ke yi tun rufe iyakar da Najeriya ta yi a Agustan 2019. Wani kuma zai ce bari ya kwashe ta a amalanke ya cike kwarin gonarsa, ko ya yi yaɓen ɗaki. Tunanin mai son aiki ne, ban raina shi ba. Sai dai wannan ƙasa ba irin lakar da gulbi ke kawo mana ba ce.

Zinariya ba kasafai take zama ita kaɗai a cikin dutse ba. Sau da yawa tana tare da dalma, ko arsanik, ko kadmiyom, gwargwadon irin dutsen. Muddin suna ƙulle a cikinsa a ƙarƙashin ƙasa, ba ruwansu da kowa. Niƙa ce ke kwance su: da zarar dutse ya zama gari, iska da ruwa sun samu hanyar taɓa kowace ƙwaya. Sai kuma zaibar da ku da kanku kuke ƙarawa, wadda wani kasonta ke bin ruwan wanki ya zauna a cikin tulin. Taki yana ruɓewa, maganin feshi ma yawancinsa yana lalacewa da daɗewa. Waɗannan ƙarafa ba sa ruɓewa. Inda aka zuba su, nan jikokinku za su same su, in dai ruwa bai kwashe su ya kai gonar wani ba. Masana duwatsu sun nuna cewa dutsen da ke ƙarƙashin kudancin Maraɗi ci gaban na arewacin Najeriya ne. Wannan bai isa a ce kowane rami namu akwai dalma a cikinsa ba, domin jijiya da jijiya sun bambanta ko a wuri ɗaya. Amma ya isa ya sa mai hankali ya tambaya kafin ya shuka, tun da ido ba ya rarrabewa.

Abin da ya faru a Zamfara ba labarin wata duniya ba ne. Hausa ɗaya muke ji da su, tuwo ɗaya muke ci, wasunku ma sun yi aiki kafaɗa da kafaɗa da ƴaƴansu. A farkon 2010 mutanen wasu ƙauyuka a Anka da Bukkuyum suka lura agwaginsu na ƙarewa, ba wanda ya kawo komai a ransa. Sai yara suka fara amai da ciwon ciki da jijjiga, ana ba su maganin zazzaɓin cizon sauro ba sa tashi. A watan Maris likitocin ƙungiyar MSF suka ga sabbin kaburburan yara sun yi yawa, aka ɗebi jini aka kai awo, sai ga dalma. Dutsen zinariyar da maza ke kawowa gida, mata na dakawa a tsakar gida, cike yake da ita. A ƙauyuka biyu da aka bi gida-gida aka ƙirga, cikin yara 463 ƴan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a shekara guda. Jimillar waɗanda aka rasa ta haura 400. Sunayen garuruwan su ne Dareta, Ƴargalma, Abare, Sunke, Tungar Daji, Bagega da maƙwabtansu. A wasu wuraren niƙa awo ya nuna dalma ta haura kashi 10 cikin 100 na ƙasar da ake takawa. Aka dawo ana kankare saman ƙasar gidaje da fartanya, ana kwashewa a binne a nesa, ana kawo sabuwa a shimfiɗa. Bagega sai a 2013 aka samu kuɗin yi mata wannan aiki, yaranta na jira. A 2015 abin ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, yara 28 suka tafi. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, ka san abin da ake cewa ka yi da naka.

Akwai darasi ɗaya daga can da nake so manomin shinkafa ya riƙe. Da masu bincike suka bi sawun dalmar da ke cikin abincin mutanen, sai suka tarar yawancinta bayan girbi ta shiga: a masussuka, a wurin shanya, a turmin da aka daka dutse jiya aka surfa hatsi yau, a injin da ke niƙa dutse da safe ya niƙa dawa da yamma, a buhun da ya ɗauko dutse ya koma ya ɗauko hatsi. Dalma ba ta cika hawa har cikin ƙwayar shinkafa ba, mafi yawanta a saiwa take tsayawa. Ta ƙura take samun mu. Saboda haka ko gonarka tsabtatacciya ce, in ka buga shinkafarka ka shanya ta a filin da aka taɓa shanya garin dutse, ka ɓata aikinka da hannunka.

Sauran ƙarafan uku kuwa ta saiwa suke bi, kuma a nan ne shinkafa ta bambanta da gero da dawa. Ita ce amfanin da ke tsayuwa da ƙafarta cikin ruwa wata da watanni. In ruwa ya rufe ƙasa, iska ba ta shiga, sai ƙasar ta sake hali. Arsanik da ke manne da tsatsar ƙarfen cikin laka ya kwance ya shiga ruwa. Shinkafa kuma tana da wata buƙata ta musamman: tana shan sinadarin yashi mai yawa, shi ne ke ba karanta da ɓuntunta kaushin nan da ke yanka hannu lokacin girbi. Hanyar da saiwa ke jan wannan sinadari, ta nan arsanik ke shigewa, domin ƙirarsu ta yi kusa. Shi ya sa shinkafa kan tara arsanik kusan ninki goma na abin da sauran hatsi ke tarawa. In ka tumɓuke gindin shinkafa daga taɓo ka wanke, za ka ga saiwar ta yi ja-ja, tsatsa ta lulluɓe ta. Wannan lulluɓi yana tare wani abu daga gubar, rahamar Allah ce, amma ba ya tare duka, musamman a ƙasar da gubar ta yi yawa.

Zaiba ma a ƙarƙashin ruwa take zama mafi muni. Akwai ƙananan halittu a cikin taɓo, waɗanda ido ba ya gani, da ke juya ta zuwa wani nau'i mai shiga jikin mai rai ya zauna, ya fi kuma cutar da ƙwaƙwalwar jaririn da ke ciki. A Wanshan ta lardin Guizhou a ƙasar Sin, inda aka daɗe ana haƙar zaiba, an gano cewa shinkafar da mutane ke nomawa ita ce babbar hanyar da wannan guba ke shiga jikinsu, ta fi kifi.

Wani mai wayo a cikinku zai ce, to sai in riƙa janye ruwan, in bar gonar ta sha iska. Dabara ce da ake yi, tana kuma rage arsanik. Amma kadmiyom akasin haka yake. Shi in ƙasa na cikin ruwa a ɗaure yake, in ta bushe ta sha iska sai ya kwance, shinkafa ta ja shi, musamman lokacin da take fitar da kai tana cika ƙwaya. Ka ga ke nan a ƙasar da ta haɗa su biyun, in ka cika ruwa ɗaya ya hau, in ka janye ɗayan ya hau. Ban ruwa, komai gwanintar mai yinsa, ba ya gyara ƙasar da aka riga aka zuba wa tarkacen haƙa.

Mutanen Japan sun ɗanɗana wannan tun kafin a haifi iyayenku. Mahaƙar Kamioka tana zubar da tarkacenta a kogin Jinzu, manoman lardin Toyama kuma da ruwan kogin suke noman shinkafa, shi suke sha. Shekaru suna tafiya, sai aka ga mata, yawanci waɗanda suka manyanta kuma suka yi haihuwa da yawa, ƙodarsu na lalacewa, ƙasusuwansu na laushi, har tari kawai kan karya wa mace haƙarƙari. Cutar ita ce ake kira itai-itai. Sai a 1968 gwamnatinsu ta amince cewa kadmiyom ɗin mahaƙar ne sanadi. Gyaran gonakin, wato rufe gurɓatacciyar ƙasa da kawo sabuwa a hekta 863, an fara shi a 1979, ba a gama ba sai 2012. Shekara 33, a ƙasar da ke da kuɗi da injuna. Ku tambayi kanku wa zai zo ya sauya mana ƙasar fadama in ta lalace. Kadmiyom in ya shiga ƙoda yakan yi shekara 10 zuwa 30 kafin rabinsa ya fita. Wanda ya ci yau ba zai ji komai ba, gobe ma haka, shi ya sa mutum zai rantse maka cewa shinkafarsa lafiya lau take.

Kuma da gaskiyarsa a abin da ya gani. Shinkafa na iya yin kore shar, ta yi ƴaƴa, ta cika buhu, ƙwayarta fara tas, ta yi daɗi a baki, alhali tana ɗauke da abin da ya wuce ƙa'ida. Ku da kuke auna zinariya kun san giram. Ku raba giram ɗaya gida 1,000, kowane kaso shi ne miligiram. Ƙa'idar abinci ta duniya, wadda hukumomin abinci da lafiya na duniya, FAO da OMS, suka tsara, ta ce a kilo guda na shinkafar da aka cashe kada kadmiyom ya wuce miligiram 0.4, arsanik mai guba kuma kada ya wuce 0.2. Abin da bai kai rabin miligiram ba a cikin kilo, wane ido ne zai gan shi, wane harshe ne zai ji shi?

Yanzu ku dubi inda muke zaune. Ruwanmu daga kudu yake zuwa. Gulbin Maraɗi daga ƙasar Katsina yake gangarowa ta Jibiya, Gulbin Gabi kuma shi ke zuba a tafkinmu na Madarumfa, in damina ta yi albarka Gulbin Maraɗi ma ya tumbatsa ya ƙara masa. Duk abin da aka tara a bakin ƙorama a sama, ruwan farko zai ɗauko shi ya kawo kwari, ya ajiye inda ruwa ke lafawa, wato daidai inda muke shuka da inda masunta ke jefa taru. Wannan tafki da kushewun waliyyai 99 ke kewaye da shi, wanda aka sa cikin jerin wuraren dausayi masu muhimmanci na duniya a ƙarshen 2019, ba shi da ƙofar da zai fitar da abin da ya kwanta a gindinsa. Zaibar da ta shiga taɓonsa za ta bi ƙananan halittu ta shiga karfasa, ta fi taruwa a kifin da ke cin kifi, daga nan ta iso kasko. Saurayin da ya girka wurin wanki a bakin gulbi don ruwa ya yi masa kusa, bai yi nufin cutar da kowa ba, na sani. Amma masu rake da masu tumatir da masunta da ke ƙasa da shi ba su ci ko dala daga zinariyarsa ba, kuma su ne za su karɓi abin da ya zubar. Haƙƙin maƙwabci ne wannan, kun kuma san nauyinsa a addini.

To me nake roƙonku? Babban abu shi ne ku raba aikin dutse da gida, ku raba shi da fadama. Niƙa da wanki a yi su can nesa da gari, a kan tudu, inda ruwan sama ba zai ja tulin zuwa ƙorama ko rijiya ba. A yi wa tulin rami a zuba, in an gama a rufe da ƙasa mai kauri, a sa alama, a gaya wa mai gari da makiyaya. Kayan aiki su kwana a wurin aiki. Ka wanke jikinka ka sauya tufafi kafin ka shiga gida ka ɗauki ɗanka. Ƙurar da ke gashin girarka da wuyan rigarka ita ce ta kashe yaran Dareta. Turmi, taɓarya, tabarma, tamfol, buhu, duk wanda ya taɓa dutse ya bar hatsi har abada, wanki ba ya isar masa. Ku kuma ƴan matana da amare, in maigida ko ƙane ya kawo buhun dutse ya ce a daka masa a tsakar gida, ku ba shi haƙuri cikin ladabi, ku ce a kai waje. In ya ƙi, ku gaya wa manya. Ba rashin biyayya ba ne, kare ɗan da ke bayanku ne.

Ƙona zaiba a ɗaki ko a kan murhun girki, ku bar shi ko don kanku. Hayaƙin huhunku yake fara shiga. Akwai ƴar tukunyar ƙarfe mai murfi da bututu da ke kama zaibar ta dawo da ita, maƙeri na iya ƙera ta, tana kuma rage muku kuɗin saye. Masu zuwa su sayi tsohon tuli su jiƙa shi da gubar siyanur don fitar da sauran zinariya, ku yi hattara da ba su wuri kusa da ruwa, domin siyanur na narkar da zaibar da ta rage ta ƙara saurin tafiya. Yarjejeniyar Minamata kan zaiba, wadda Nijar ta amince da ita a 2017, ta sa waɗannan biyun cikin ayyukan da ake so a kawar.

Filin da aka riga aka yi wanki a kansa, kada a sa masa abin ci. Ba shinkafa kaɗai ba: ganye irin su zogale da alayyafo da yakuwa suna ɗaukar ƙura suna kuma jan ƙarfe, taba kuwa da aka san kwarinmu da ita tana cikin tsire-tsiren da suka fi jan kadmiyom. A dasa itacen da za a yi gini ko inuwa da shi, saiwarsa ta riƙe ƙasar, a kewaye da ƙaya saboda awaki. In kuma an riga an noma shinkafa a irin wannan wuri, ku san cewa karan ya fi ƙwayar tara ƙarfe, dusar ma ta fi farar ƙwaya tara arsanik. In ka ba dabba, a hanta da ƙoda zai taru. In ka ƙona, tokar na nan da ƙarfenta.

Wanda zai karɓi aron gona ko haya ko jingina, ya tambayi tarihinta kamar yadda yake tambayar iyakarta: an taɓa niƙa dutse a nan? Daga ina aka kawo cikon? Ruwan da ke shigowa ta ina yake biyowa? In akwai shakka, ku haɗu ku da yawa, tun da awo na da tsada ga mutum ɗaya. Ku ɗebi ƙasa daga wurare dabam-dabam na gonar, daga sama zuwa zurfin taƙi guda, ku haɗa da kwalbar ruwa da tiyar shanshera, kowanne a leda mai tsabta da sunan wurin a rubuce. Ku kai wa malaman gona na gunduma. Muna da cibiyar binciken noma ta INRAN a Tarna, muna da Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo a Maraɗi, inda wasu daga cikinku suke karatu. Su ne za su nuna muku inda ake irin wannan awo da yadda ake karanta sakamakonsa. Ku ɗalibai, ga aikin da zai amfani garinku in kuna neman abin da za ku yi bincike a kai.

Za ku ji ana cewa wanke shinkafa na fitar da guba. Akwai gaskiya a ciki, amma ƴar kaɗan. In an dafa ta da ruwa mai yawa, kamar ninki shida, aka tsiyaye, arsanik na iya raguwa da kusan rabi. Kadmiyom da zaiba ba sa fita haka, a cikin naman ƙwayar suke. Mu kuma tuwon shinkafa da dafa-duka muka fi yi, su kuwa shanye ruwansu suke yi duka. Don haka ruwan da uwargida ke gumi da shi da wanda take girki da shi, shi ma a san rijiyar da aka ɗebo shi.

Yara su ne suka fi shiga haɗari. A ƙasa suke wasa, hannu na baki, kuma cikin yaro na tsotse dalma ninki huɗu zuwa biyar na abin da cikin babba ke tsotsewa. OMS ta ce babu wani adadin dalma a jini da za a kira marar illa. Wadda ba ta kashe ba tana rage kaifin ƙwaƙwalwa, yaro ya je lakwal ya kasa riƙe karatu, a yi ta dukansa a banza. In kuka ga yaro ya daina cin abinci, yana yawan kuka da ciwon ciki da amai, ya yi fari fat, ko yana jijjiga ba tare da zazzaɓi ba, ku kai shi likita a ranar. Ku faɗa wa malamin asibiti da bakinku cewa a gidan akwai mai aikin zinariya, ko an taɓa daka dutse a ciki, domin in ba ku faɗa ba zai iya bin sawun wata cuta dabam. Akwai maganin da ke fitar da dalma daga jini, an yi amfani da shi a kan dubban yara a Zamfara, amma likitocin can ba sa son ba da shi sai an share gidan an sauya ƙasarsa, don yaron da ya koma tsakar gidan da ya kwaso ta zai sake kwasowa. Ku kai ƴan'uwansa ma a duba su, ko da kun ga suna wasansu lafiya.